Yadda Na Gyara Kuloci Mai Sassauci a Garwa, Daga Buɗe Inji Zuwa Sauya Faranti

Manyan babura na hannu sun fara yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere da suke arewacin Kamaru, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wani nau'in kuloci da makanikan unguwa ba su saba da shi ba. Ina nufin kuloci mai sassauci, wato mai ɗan saki da kansa idan an rage giya da sauri domin kada tayar baya ta cije, wanda masu sayar da kayan gyara a Duwala suka sani da antidiribul. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda kulocin irin wannan babur ya cinye masa ya san inda zai fara, abin da zai tambaya, da abin da bai kamata ya yarda a yi masa ba. Ni na bi hanyar tun daga farkonta, kuma ta ci mini kuɗi da lokaci fiye da yadda ya kamata, alhali abin da ya jawo hakan bai wuce bambancin kauri da siffa tsakanin farantan cikin kuloci da ido yake ganin duk iri ɗaya ne ba.

Babur ɗina mai silinda biyu ne, ƙarfin injinsa cc 300, na saye shi na hannu bayan ya shigo daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Duwala. Sana'ata sayar da magungunan dabbobi, saboda haka ina yawan bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere, tafiyar da ta kusa kilomita 280, da kaya ɗaure a baya. A cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, na fara lura da cewa idan ina giya ta biyar ko ta shida na murɗa totur da ƙarfi domin in wuce babbar mota, ƙarar inji tana tashi, allurar juyin inji tana hawa, amma gudun babur ba ya ƙaruwa daidai da ita sai bayan ɗan lokaci. A ƙananan giyoyi cikin gari ba a jin komai. Wannan ita ce alamar farko ta kulocin da ya fara cinyewa, kuma a babbar giya take soma bayyana domin a nan ne inji yake fuskantar turjiya mafi yawa.

Kafin a buɗe inji akwai abubuwa biyu masu arha da ya kamata a duba, kuma da su na fara. Na farko shi ne wasan wayar kuloci. Idan wayar ta ɗame babu wasa ko kaɗan, to tana riƙe da kuloci a ɗan buɗe ko da hannu bai taɓa shi ba, kuma hakan kaɗai yana sa zamewa. Abin da ake so shi ne tazarar milimita 2 zuwa 3 a gindin hannun kuloci kafin a ji wayar ta fara ja. Na biyu shi ne baƙin mai. Kulocin yawancin babura a cikin man inji yake wanka, saboda haka man mota mai sinadaran rage gogayya yana iya sa farantan su yi santsi. Ƙungiyar ma'aunin motoci ta Japan ta fitar da ƙa'idar JASO ta man babura a 1998, aka ƙara matakin MA2 a 2006. Mai ɗauke da alamar MA ko MA2 shi ne na kulocin da yake cikin mai, shi kuwa MB an yi shi ne domin baburan sikuta masu busasshen kuloci. Na zagaya shagunan mai kafin in sami mai alamar MA2 a bayan galan, na biya sefa 12,000 na lita biyu, aka juye tsohon aka zuba sabo, aka gyara wasan waya. Zamewar ta ragu kaɗan, amma a hawan tudu da kaya ta dawo yadda take. A nan na tabbata cewa aikin na cikin inji ne.

Garejin farko da na je na wani makaniki ne a unguwarmu wanda ya ƙware ƙwarai a kan baburan 'yan kilando, wato masu haya da babur, kuma ban taɓa jin an yi kuka da aikinsa a kansu ba. Ya kwantar da babur, ya cire murfin dama na inji, ya kwance kulocin, ya ɗaga sifirin ɗaya ya matse shi da yatsu biyu ya ce, "Malam, ai dole ya zame. Sifirin uku ne kawai, kuma ga su da taushi. Ƙananan baburan da muke gyarawa kullum ma huɗu suke da su." Ya aiki yaronsa kasuwa da tsohon farantin fiba ɗaya a hannu domin a gwada, yaron ya dawo da saiti wanda kunnuwansa suka shiga kwandon kuloci daidai, faɗinsa na waje kuma bai bambanta ba. Saitin sefa 9,000, aikin hannu sefa 5,000. Ya mayar da tsofaffin farantan ƙarfe ba tare da ya auna su ba, ya sa wasali, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin kowane sifirin domin ya ƙara masa ƙarfi, ya shafa gam a kan tsohon gaskit ya rufe. Na roƙi a zuba mini duk abin da aka cire a leda in tafi da shi, kuma wannan leda ta yi mini amfani sosai daga baya.

Zamewa ta tsaya, wannan gaskiya ne, kuma a ranar na ji daɗi. Sai dai wasu abubuwa sabbi sun shigo. Hannun kuloci da a da yatsu biyu suke ja ya zama sai da hannu gaba ɗaya, har wuyan hannuna yana ciwo idan na ratsa cunkoson babbar kasuwa. Idan na tsaya inji yana aiki, samun firi, wato fitar da babur daga giya, ya zama wahala, daga giya ta ɗaya sai ya tsallake zuwa ta biyu. Idan na sa giya ta ɗaya da safe babur yana ɗan zabura gaba ko da na matse kuloci har ƙarshe, kuma wajen tashi yana karkarwa maimakon ya ɗauka a hankali. Makanikin ya ce sabbin faranti ne, za su zauna. Abin da ya sa na daina jira ya faru ne a hanyar dawowa daga Ngaundere, a gangaren falez, inda hanya take saukowa daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai cikin lanƙwasa masu kaifi kafin a kai garin Mbe. Na rage giya daga ta huɗu zuwa ta uku gab da wata kwana, abin da na sha yi a daidai wurin ba tare da wata matsala ba, sai tayar baya ta yi ƙara ta fara tsalle a kan kwalta, bayan babur ya karkata gefe. Allah ya kiyaye babu mota a ɗaya hannun, na matse kuloci babur ya daidaita. Na tsaya a gefen hanya har sai da ƙafafuna suka daina rawa, sannan na ƙarasa Garwa a hankali.

Wani abokin ciniki ne ya kwatanta mini wani dattijon makaniki a wajen Yelwa wanda ya daɗe yana kula da manyan baburan ma'aikatan ayyukan raya karkara. Bai karɓi babur ɗin nan take ba, domin akwai ayyuka a gabansa, ya ce in dawo ranar Asabar da hantsi, in zo da ledar tsofaffin kayan. Abu na farko da na lura da shi a wurinsa shi ne bai kwance komai ba sai da ya share benci ya shimfiɗa kwali mai tsabta. Duk farantin da ya zaro sai ya kwantar da shi kusa da na gabansa daga hagu zuwa dama, fuskar da take kallon waje tana kallon sama. Da ya ga wasalan nan a ƙarƙashin sifirin bai zagi kowa ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya yi maka wannan aiki ya yi abin da ya sani ne a kan kulocin da ya sani. Matso ka ga abin da yake cikin naka."

Ga abin da ya nuna mini, kuma shi ne zuciyar wannan bayani. A kowane kuloci mai faranti da yawa akwai kwando na waje wanda inji yake juyawa, da cibiya ta ciki wadda take haɗe da sandar giya. Farantan fiba suna da kunnuwa a waje da suke shiga tsagar kwando, farantan ƙarfe kuma suna da haƙora a ciki da suke kama cibiya, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan murfin matsi ya danne su da ƙarfin sifirin. A tsohon tsari sifirin kaɗai ne yake riƙe komai, shi ya sa ake sa huɗu ko biyar ko shida masu tauri. A nawa kuwa, da ya kifa murfin matsi, sai na ga tudu uku na alminiyam a cikinsa, kowanne an fiƙe gefensa biyu a karkace, kuma a jikin cibiya akwai wasu uku da suke shiga tsakaninsu. Ya haɗa biyun a hannunsa, ya riƙe cibiya ya murɗa murfin ta bangaren da inji yake ja, sai na ga gangaren ya ja murfin ciki ya matse. Ya murɗa shi baya, sai ɗaya gangaren ya tura murfin waje ya ɗaga. Tamkar murfin kwalba mai zare ne, ka juya shi dama ya ɗaure, ka juya shi hagu ya saki. Ma'ana, lokacin da inji yake jan taya, ƙarfin injin da kansa yake taimaka wa sifirin wajen matse faranti, shi ya sa sifirin uku masu taushi suka isa kuma hannun kuloci yake da sauƙi. Lokacin da aka rage giya da sauri taya ta koma ita take tura inji, murfin yana ɗan ɗagawa, farantan su zame na ɗan lokaci har juyin inji ya daidaita da gudun taya, maimakon tayar ta cije ta yi tsalle. Taushin sifirin da makanikin farko ya ɗauka lahani ne, lissafi ne na masu ƙera kulocin. Wasalan da aka sa sun ƙara ƙarfin da gangaren yake bukata kafin ya ɗaga murfin, saboda haka a falez bai sassauta a lokacin da ya kamata ba.

Daga nan muka koma kan farantan. Ya zazzage ledata a kan wani kwalin ya jera tsofaffin kusa da na kasuwa. Na kasuwa duka iri ɗaya ne. Na asali kuwa iri uku ne, ko da yake sai an ɗora ɗaya a kan ɗaya ake gane haka. Wanda yake shiga farko a can ƙasan cibiya zobensa siriri ne, raminsa na ciki ya fi na sauran faɗi, domin a cikin wannan ramin wasu siraran zobba biyu na ƙarfe suke zama, ɗaya shimfiɗaɗɗe, ɗaya mai ɗan lanƙwasa. Mai lanƙwasar nan shi yake sa kuloci ya kama a hankali wajen tashi ba tare da karkarwa ba. Dukansu biyu mun tarar da su a cikin ledar, domin farantin kasuwa bai bar musu wurin zama ba, sai aka cire su. Na tsakiya iri ɗaya ne. Na ƙarshe kuma gutsattsarin fibarsa sun bambanta, kuma kunnuwansa ba sa shiga dogayen tsagu tare da sauran, suna da nasu gajerun gurabe a bakin kwando. Haka ma farantin ƙarfe na ƙarshe a babur ɗina ba a kan cibiya yake zama ba, a kan haƙoran murfin matsi yake, kuma idan ba a daidaita shi ba kafin a ɗaure, ana iya lanƙwasa shi ko a fasa murfin.

Mataki na gaba shi ne awo, kuma dattijon ya ƙi ya faɗi abin da za a saya sai an sami adadin da kamfani ya rubuta. Na je shagon kwamfuta na sauko da littafin gyaran babur ɗin daga intanet, na buga shafukan kuloci kawai a kan sefa 1,500. Ma'aunin kauri na dattijon ya tsufa, don haka muka tafi da kayan wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe wanda yake da ma'auni mai nuna lamba, ya karɓi sefa 1,000. Littafin ya ce sabon farantin fiba ya kusa milimita 3, kuma akwai iyakar da idan ya sauka ƙasa da ita a jefar. Tsofaffin nawa duk sun sauka ƙasa da iyakar, fuskarsu ta yi baƙi tana sheƙi. Na kasuwa kuwa sun haura milimita 3.2, kuma kaurin ba ɗaya ba ne idan aka auna faranti guda a wurare huɗu. Bambancin milimita 0.2 ba ya kama ido, amma idan aka tara shi a kan dukan farantan sai ya wuce milimita ɗaya, alhali ɗagawar da murfin matsi yake yi idan an matse kuloci gaba ɗaya ba ta da yawa. Da ƙarin kaurin da wasalan, sifirin ya kusa haɗewa tun kafin a ja hannu, murfin ba ya samun wurin ɗagawa sosai, farantan ba sa rabuwa. Wannan ya bayyana wahalar samun firi da zaburar da babur yake yi da safe. Farantan ƙarfe kuma dattijon ya kwantar da su ɗaya-ɗaya a kan gilashin taga, yana tura siririn ƙarfen awo a ƙarƙashinsu ta kowane gefe. Biyu sun yi shuɗi saboda zafi kuma sun kantare fiye da abin da littafin ya yarda. Sifirin uku su ma sun gajarta. Kwandon yana da 'yan zarara inda kunnuwan faranti suke bugawa, amma ba su yi zurfi ba, ya ce goga su kaɗan da fayil mai laushi ya isa.

Neman kayan shi ne ya fi cin lokaci. A Garwa na bi shagunan kayan babura, har da masu kawo kaya daga Najeriya ta Yola da Mubi, kowa yana ɗauko mini saitin da ya yi kama yana cewa zai shiga. Zai shiga, amma shiga ba ita ce tambayar ba. Na kira wani ɗan'uwana a Duwala ya duba a Kam Yabasi, inda kasuwar kayan gyara take. Abin da mai shagon kirki zai fara tambaya shi ne lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda take a wuyan babur da kuma a kart giriz, wato takardar rajistar babur, domin samfuri ɗaya yana iya sauya kuloci daga shekara zuwa shekara. Na aika hoton kart giriz, da hoton shafin littafin mai zanen kuloci a warwatse, da lambar kowane abu. An sami gaskit da sifirin, amma farantan fiba iri ukun nan babu, sai an yi oda daga Faransa. Jimillar kayan ta kama yuro 160, kuma tunda sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, lissafin bai ba da wahala ba, kusan sefa 105,000. Kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastam, da ladan mai shago suka ƙara kusan 38,000. Na biya rabi ta wayar hannu, na nemi a aiko mini hoton rasit mai ɗauke da lambobin kayan ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka rubuta "saitin kuloci" kawai, ba ka da hujja in an kawo wani abu dabam. An ce mako biyu, ya zama fiye da wata guda, ina hawan motar haya zuwa Ngaundere da kaya a cinya, raina yana ɓaci duk lokacin da na wuce babur ɗin a lulluɓe.

A cikin wannan jira na karanta abin da na samu a kan wannan tsari, na gane dalilin da ya sa bai kai ga makanikanmu da wuri ba. Daga fagen tsere ya fito, domin injin mai bugu huɗu yana riƙe taya da ƙarfi idan an saki totur, fiye da mai bugu biyu nesa ba kusa ba. Honda ta sa wani nau'insa na farko a babur ɗin VF750F a 1983, amma ya daɗe a manyan babura masu tsada kaɗai. Sai daga baya ya sauko zuwa ƙanana: Kawasaki Ninja 300 ya zo da shi a samfurin 2013, KTM 390 Duke ya samu a 2015, Bajaj Dominar 400 ya fito da shi a ƙarshen 2016, Honda CRF300L kuma a 2021. Waɗannan su ne irin baburan da suke shigo mana yanzu. Na kuma fahimci cewa fibar da take jikin faranti ba abu ɗaya ba ce. Akwai ta garin ɓawon itacen kok, wadda ita ce tsohuwar hanya kuma mai arha. Akwai ta takarda ta musamman da aka jiƙa da ƙaro, wadda kamfanoni da yawa suke sawa a baburan zamani saboda tana kamawa sumul. Akwai mai zaren aramid, wanda aka fi sani da Kevlar, mai jure zafi. Akwai ta garin ƙarfe da aka gasa, ta 'yan tsere, mai cafka da ƙarfi da cin farantan ƙarfe. A kulocin da aka lissafa kusurwar gangarensa da ƙarfin sifirinsa a kan fiba guda, sauya ta yana sauya lokacin da zai sassauta. A ganina, mai hawa da kaya a hanyoyinmu ba shi da dalilin barin irin wadda kamfani ya sa. Farantan ƙarfe ma wasu kamfanoni suna sayar da su kauri daban-daban da gangan, domin a daidaita jimillar tsayin jerin da su idan awo ya nuna ya yi yawa ko ya gaza.

Kayan sun iso ta kamfanin motocin safa, na biya sefa 4,000, aka nemi katin shaida da lambar da aka turo mini a waya kafin a ba ni ƙunshin. Ban tafi ba sai da na buɗe shi a gaban ma'aikacin na gwada lambobin da suke jikin ledoji da na rasit. Dattijon ya sa aka jiƙa farantan fiba cikin sabon mai tun daren ranar, domin busasshen faranti yana iya ƙonewa a tashin farko kafin mai ya ratsa shi. Washegari ya fara da shimfiɗaɗɗen zobe, sannan mai lanƙwasa yana duba zanen littafin domin ya ga fuskar da take kallon waje, sannan siririn farantin fiba, daga nan ƙarfe da fiba bi da bi. Ya sa na shafa gefen farantin ƙarfe da yatsa, na ji gefe ɗaya a dunƙule, ɗaya da kaifi, saboda yadda injin yake huda su, ya ce duka su fuskanci wuri guda. Ya auna jimillar tsayin jerin kafin ya rufe, ya fito cikin abin da littafin ya ce. Ya daidaita tudun murfin matsi da na cibiya, ya ɗaure kusoshin sifirin kaɗan-kaɗan yana zagayawa, ya ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi, domin ginshiƙan alminiyam ne kuma ƙarfin hannu yana tsinke su. Ya kankare tsohon gam, ya sa sabon gaskit, aka zuba mai. Ya karɓi sefa 15,000. Da na ce, "Baba, ai aikin ya fi haka," sai ya ce in ajiye sauran in sayi man da ya dace a juyi na gaba.

Hannun kuloci ya koma na yatsu biyu, firi yana shiga da taɓawa ɗaya, karkarwar tashi ta ɓace. A falez na rage giya a kwanar nan ina sane, tayar ta zauna a ƙasa, na ji hannun kuloci ya ɗan motsa a ƙarƙashin yatsuna. Wannan motsi ba lalacewa ba ne, murfin matsi ne yake ɗagawa a kan gangarensa, kuma ya kamata mai irin wannan babur ya san haka kada ya kai shi a buɗe a banza. Ya kuma kamata ya san cewa sassaucin bai maye gurbin birki ba, kuma bai ba da izinin sauke giya uku a lokaci ɗaya a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta ba. Duk lokacin da ya zame yana ɗan cin faranti, kuma riƙe kuloci rabi-rabi a cunkoso da kaya masu nauyi ya fi komai saurin ƙona shi.

Idan aka tara abin da na kashe, aikin farko da man da aka zubar tare da shi asara ne tsantsa, kuma da tayar ba ta daidaita a falez ba da asarar ta wuce ta kuɗi. Saboda haka wanda zai shiga wannan aiki ya tambayi makaniki tun kafin a kwance ƙusa ɗaya ko ya taɓa buɗe kuloci mai gangare a murfinsa, ya tafi da shafukan littafin a buge, ya tsaya a jera farantan yadda suka fito, ya ƙi wasali a ƙarƙashin sifirin ko da za a ba shi kyauta. Ya yi odar komai a lokaci ɗaya, fiba da ƙarfen da suka kantare da sifirin da gaskit, har da notin cibiya idan za a cire kwando, domin a babura da yawa sau ɗaya ake ɗaure shi, kuma rashin abu guda na sefa dubu biyu yana iya ƙara wata ɗaya na jira. Bayan sabbin faranti sun zauna wasan waya yana sauyawa. Nawa ya ragu bayan kusan kilomita 1,000, na mayar da shi milimita 3, kuma yanzu ina duba shi duk lokacin da za a juye mai, domin a tsarin waya irin na babur ɗina cinyewar faranti tana fara nuna kanta ne ta raguwar wannan wasa tun kafin a ji zamewa a hanya.